Babi na Tara: Idan Kahon Lasifika Ya Tsage

Iskar farkon damina ta sha kado kahon lasifika daga kan hasumiya. Ba kullum yake rabewa biyu ba. Sau da yawa tsaga ce siririya kamar silin gashi take ɓulla a wuyansa, sai ladan ya ɗaga murya a ji wani zizza yana bin kowane harafi. Ƙwanƙwasa shi da yatsa yadda mata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa: lafiyayye amonsa yakan ja, tsagagge kuwa kwaf zai ce ya yi shiru.

Ba siririn kahon nan da ake lanƙwasawa daga falle nake nufi ba. Na zubi nake nufi, mai kauri da nauyi, irin samfurin 511B da 811B da kamfanin Altec na Amurka ya yi suna da su a gidajen sinima da manyan zauruka.

Na gaji da jin ana cewa "ai dalma ce, a kai wa mai gyaran rediyo ya liƙe." Ba dalma ba ce! Sanholo ne, wato alminiyom, kuma har tukwanen da muke kira na dalma da shi ake zuba su. Dalma tana narkewa a digiri 327, sanholo sai ya kai 660. Duk wanda ya taɓa ɗiga narkakkiyar dalmar liƙi a kansa ya ga yadda take dunƙulewa ta gangare, kamar ruwa a ganyen gwaza.

Dalilin wannan shi ne abin da ya fi burge ni a ƙarfen nan. Sanholo yana da fata. Da zarar iska ta taɓa shi, iskar oksijin takan haɗu da samansa ta yi wata fata da ido ba ya gani. Ka kankare ta yanzu, kafin ka ajiye wuƙar wata ta fito. Ita ce ta hana shi tsatsa, shi ya sa kaho ke shekaru a rana da ruwa bai ruɓe ba. Ita ce kuma ke hana liƙi kamawa, domin ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2000. Ka ga kenan ƙarfen ciki zai zama ruwa alhali fatar tana riƙe da shi kamar salka. Ga shi sanholo ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya yi maka gargaɗi. Mai walda yana ta hura wuta yana jiran launi ya sauya, kawai sai wurin ya rufta, tsaga ta koma rami.

Wani abin mamaki, wannan fata da dutsen yaƙutu sinadarinsu ɗaya ne. Ɗan ƙarfen kuromiyom ne kawai ya ba yaƙutu jansa. Ita ce kuma tsakuwar da ke jikin yawancin takardun goge katako. Wato abin da attajiri ke sawa a zobe shi ne yake lulluɓe da tukunyar tuwo.

Aikin kansa ga shi a taƙaice. A kwance kan da ke ɗauke da maganaɗisu, don zafi yana lalata shi. A huda ɗan rami kamar milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar. Gyartai ma yana huda ƙwarya, amma don zare ya wuce. Nan ramin yana dakushe bakin tsagar ne don kada ta ci gaba da tafiya. A gurza tsagar ta zama kwari, a wanke maiƙo da fenti, a goge da burushin ƙarfen da ba ya tsatsa wanda bai taɓa wani ƙarfe ba. A ɗumama kahon gaba ɗaya zuwa wajen digiri 150. Sannan waldar iskar agon, mai wutar da ke kai da komo: rabin juyinta yana fasa fatar, rabi yana narka ƙarfen, agon kuma yana tsare iska. Sandar cikon da aka saba ita ce 4043, mai silikon kashi 5 cikin ɗari. Zubi yana da ƙananan kofofi da suka sha datti, saboda haka kada a yi mamaki in baƙin kumfa ya taso aka gurza aka sake. A bar shi ya huce a hankali, ban da ruwa.

Masu raina gam kuwa su sassauta. In tsagar a faffaɗan bakin take, inda ba nauyi, gam mai haɗi biyu irin Araldite da ɗan falle ta baya sun wadatar. Wuya ne ba ya karɓar wannan, don shi ke ɗauke da nauyin maganaɗisun. Ko an yi walda a wurin, sai an zura zarto ciki an baje tudun, domin a maƙogwaron kaho hanyar sauti ba ta wuce faɗin inci ɗaya ko biyu ba.