Idan Aikin Gwamnati Ya Tsaya, Wa Ake Bi Bashi?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Anka ta ratsa Daki Takwas ta shiga Gummi, ko ya karkata zuwa ƙauyukan Bukkuyum, ya san irin ginin da nake nufi. An kai bulo har linta, rodi ya yi cirko-cirko yana tsatsa, yashin da aka jibge yara sun baje shi da wasa, allon da ke ɗauke da sunan ma'aikata da na kamfani kuwa rana ta cinye rubutunsa. Ka tambayi mai shayin da ke kusa, amsar ba ta canzawa: ɗan kwangila ya ci kuɗi ya gudu.

Wani lokaci hakan ne. Sai dai lauyoyin da suka ƙware a shari'ar gine-gine da kwangilar gwamnati, waɗanda su ne ke buɗe fayil bayan katafila ta bar wurin, sukan tarar da labari daban. Sau da yawa ɗan kwangilar yana Gusau ko Abuja, yana zirga-zirga tsakanin ma'aikatar ayyuka da ta kuɗi da takardar shaidar aiki a hannu, banki kuma na binsa. Matsalar ba ta Zamfara kaɗai ba ce. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba. Mutanen Anka ma ba su buƙatar a ba su labarin jinkirin baitulmali. An gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta kashe yara sama da 400, amma aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega bai fara ba sai 2013, saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari sun daɗe ba su fito ba.

Lauyan wannan fanni hanyar kowa yake bi da farko: shekara biyar a jami'a irin ta Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Bayan nan ne karatun gaske ke farawa, domin dole ya iya karanta zanen injiniya da takardar ƙiyasin kaya, ya san buhun siminti nawa kwalbati ke ci, ya gane me ya sa kwalta ke ɓarewa a daminar farko. Yankin nan ba baƙon shari'a ba ne. Gummi ce ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, kuma Mai shari'a Lawal Hassan Gummi daga kujerar babban jojin Abuja ya taso ya zama Sarkin Gummi a 2013. Duk da haka, yawancin yaranmu da suka karanta lauya shari'ar zaɓe suke hange, alhali kuɗin jama'a a cikin kwangila suke nutsewa.

To me ke cikin fayil ɗin? Abu na farko shi ne kuɗin kafin alƙalami. Dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ƙayyade su a kashi 15 cikin ɗari, dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga su zuwa kashi 30 ga kamfanonin gida, kuma ba a bayarwa sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Ma'ana, in da gaske ɗan kwangila ya karɓa ya tsere, akwai wanda gwamnati za ta kama. Idan ba a kama kowa ba, sai a tambayi wanda ya sa hannu ba tare da lamuni ba. Daga nan biya kan zo daki-daki: a yi aiki, injiniya ya auna, ya ba da satifiket, a biya. Dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 ya zama jinkirtacce, kuma yana jawo ƙarin da yarjejeniya ta tanada. Wannan dokar ayyukan tarayya ta shafa, jihohi na da nasu, don haka tambayar farko da lauya kan yi ita ce: aikin na wane ne?

Inda rigima ta fi yawa shi ne ƙarin aiki na fatar baki. Mu ɗauka an ba wani Alhaji ginin ajujuwa uku. Ana cikin aiki sai wani babba ya zo dubawa da 'yan rakiya, ya nuna da yatsa ya ce a ƙara ofis da katanga. Alhaji ya ce an gama, ranka ya daɗe. Ya ci bashi ya yi. Shekara ta zagayo, gwamnati ta canja, sababbin shiga suka ce ba su san zancen ba. Ya je wurin lauya.

“Alhaji, ina takardar ƙarin aikin?”

“Barista, wace takarda kuma? Ai da bakinai ya ce in yi, gaban mutane.”

“Mutanen suna nan?”

“Duk an yi masu canjin wurin aiki.”

Lauya zai iya roƙon kotu ta biya shi gwargwadon aikin da aka amfana da shi, amma hawan dutse ne. Da Alhaji ya rubuta wasiƙa mai layi huɗu washegari, ya ce bisa umarnin jiya zan ƙara kaza a kan kuɗi kaza, ya sa an buga masa hatimin karɓa, da shari'ar ta zo da sauƙi. A Zamfara, inda mulki ya sauya hannu a 2019 ya sake sauyawa a 2023, wanda ya dogara da fuskar mai mulki ya san abin da ya taka. A doka dai gwamnati ɗaya ce: bashin da ta ci bisa ƙa'ida yana kanta ko wa ya hau.

Sai tsadar kaya. Wanda ya sa hannu a farkon 2023 bai san za a cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu ba, bai san darajar naira za ta faɗi ba, bai san buhun siminti zai haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024 ba. In yarjejeniyarsa ba ta da sharaɗin sake duba farashi, kotu ba ta cika tausaya masa ba, domin tsada kaɗai ba ta warware alkawari. Haka matsalar tsaro. Direban tipa da ya ƙi shiga dajin Bagega ba wanda zai zarge shi, amma ko 'yan bindiga uzuri ne da zai ƙara wa ɗan kwangila wa'adi, wannan ya danganta da abin da aka rubuta, da kuma ko ya sanar a rubuce a kan lokaci. Wanda ya karɓi aiki a yankin da kowa ya san halin da ake ciki, da wuya ya ce abin ya zo masa ba zato.

Manyan kwangiloli kan ƙunshi sharaɗin cewa in saɓani ya taso, masu sasanci za a je wa, ba kotu ba. Dokar sasanci da sulhu ta 2023 ce ke tafiyar da wannan yanzu, bayan ta maye gurbin ta 1988. Sasanci ya fi sauri, kuma ana iya zaɓar injiniya ya zauna a matsayin mai hukunci. Amma a ɓoye ake yinsa, kuma Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta. A 2010 ma'aikatar man fetur ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin P&ID kan masana'antar iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko bulo ɗaya ba, amma a 2017 masu sasanci a Landan suka ce a biya kamfanin dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa suka kai shi sama da biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles ya rushe hukuncin, bayan ya gamsu cewa an ba da cin hanci. Wannan ya isa nuna cewa ba kullum ɗan kwangila ne abin tausayi ba, kuma gwamnati ita ma tana buƙatar lauya mai ido tun ranar rubuta yarjejeniya.

Wanda ya bi ta kotu kuwa, daga babbar kotu a Gusau zuwa kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato, wataƙila har Kotun Ƙoli, ya shirya wa shekaru. Kuma cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar, wato lauyan gwamnatin da aka kayar. Shi ya sa lauyan kirki kan ce wa Alhaji ya karɓi sulhu ko da ragi.

Akwai waɗanda ba su da kujera a duk wannan zama. Mai tipa da ya kai yashi daga gulbi, birkila, mai sayar da rodi a kasuwar Gummi, da macen da ta yi wata uku tana ba leburori abinci bashi, ba su ƙulla komai da gwamnati ba, don haka ɗan kwangila kaɗai za su iya bi, shi ma sai da shaida. Littafin makaranta na naira ɗari biyu, a rubuta rana da adadin tipa, mai kula da aiki ya sa hannu, ya fi rantsuwa goma amfani a gaban alƙali. Su ma mutanen garin da aka yi wa alkawarin asibiti ba su cikin yarjejeniyar, ba za su iya ƙarar kamfani kan saɓa ta ba. Abin da ke hannunsu shi ne dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ci gaban gari na iya ɗaukar hoton allon aikin tun rubutunsa bai goge ba, ta rubuta wa hukumar da sunanta ke jiki tana tambayar nawa aka ba da aikin, nawa aka biya, wa ya sa hannu a satifiket. In takarda ta nuna an biya kashi 80 alhali gini yana linta, wannan ya tashi daga saɓanin kwangila, ya zama aikin hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC da EFCC.