P0303: Waye ke Kashe Silinda ta Uku?

Ga wani kacici-kacici. Mota ce ke tashi da safe lafiya lau, ta yi silo kamar ba a kunna ta ba. Ta bar Kaduna, ta wuce Kakau, ta kama hanyar Abuja, sai can bayan injin ya yi zafi ta fara tari, sitiyari na rawa, fitilar cek injin na kiftawa. A tsaya, a buɗe bonet, ta huce, ta koma garau. A kai ta gareji, ta ƙi nuna komai. A jona mata sikana, kullum amsa ɗaya: P0303. A goge, ta dawo. Mene ne wannan?

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai injin 1ZZ-FE, ta yayana, wanda ke jigilar fasinja da ita tsakanin Kaduna da Abuja. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, shi ma ya bi sahun masu sa wa mota gas ɗin CNG: tukunya a but, bututu a ƙasa, nozul huɗu na gas, da wata ƙaramar kwamfuta kusa da batir. Motar ta yi watanni tana aiki babu ƙorafi. Daga baya ciwon ya ɓullo.

Kafin mu fara kame, ya kamata mu san abin da shaidarmu ta gani. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke ɗauke da tsarin OBD-II, kuma a tsarin nan P0303 na nufin silinda ta 3 ta kasa ƙona abin da ke cikinta. Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba ya ganin wuta, ba ya ganin mai. Saurin juyawar karanshaf yake aunawa. Kamar mata huɗu ne ke lugude a turmi ɗaya: daga bayan katanga za ka ji cewa ta uku ta tsallake bugu, amma ba za ka san ko taɓarya ce ta kuɓuce mata ko kiranta aka yi ba. Lambar tana faɗin inda abin ya faru ne kawai. Wanda ya aikata, sai an nemo shi.

Na farko da aka kama shi ne fulogi, kuma da hujja. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, don haka fulogin da zai lallaɓa a fetur yakan tona kansa a gas. Ogan garejin ya kwance huɗun, ya jera su a kan tsumma. Na uku a bushe yake, babu baƙin hayaƙi, babu jiƙewa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Aka sa sababbi, aka goge lambar, Yaya ya ɗauki fasinja. Bai kai Jere ba fitila ta kama.

Sai koyil. A wannan injin kowace silinda da nata koyil a kan fulogi, kuma koyil ya shahara da irin wannan hali: lafiya da sanyi, mutuwa da zafi. Duk wanda ke garejin ya yarda an gano ɓarawo. Har an aiki yaro Panteka ya sayo wani, an sa. Lambar ta dawo. Aka ce wataƙila sabon ma marar kyau ne. A nan Oga ya yi abin da nake ganin kowane bakanike ya kamata ya fara da shi tun kafin a kashe ko sisi: ya ɗauke koyil na 3 ya kai na 1, ya dawo da na 1 kan na 3. In koyil ne, ciwon zai bi shi, lamba ta koma P0301.

P0303.

"To gas ɗin ne," in ji wani direba da ke jiran aikinsa. "Ku cire tarkacen nan ku huta."

Yaya ya girgiza kai. Ya riga ya gwada. Akwai maɓalli a gefen sitiyari da ke mayar da motar kan fetur zalla, kuma ya yi tafiya guda ba tare da ya taɓa gas ba. Ta yi misin ɗinta daidai yadda ta saba. Kowa ya ce ai magana ta ƙare: abin da ke faruwa a fetur, ina ruwan gas da shi? Aka wanke gas, aka sallame shi. Kai fa, mai karatu, ka yarda da wannan hukunci?

Aka wanke nozul na fetur, aka yi musu musanya. Babu canji. Daga nan fuskoki suka fara sauyawa, domin wanda ya rage a jerin sunayen mai tsada ne. Gas busasshen makamashi ne, kuma a wasu injuna yakan cinye mazaunin bawul na hayaƙi sannu a hankali, har bawul ya daina rufewa sosai. In haka ne, sai an sauke tof silinda. Oga ya auna ƙarfin matsi na silindojin: huɗun kusan kai ɗaya. Ya buɗe murfin bawul, ya zura ma'aunin rata. Ƙa'idar injin nan ga bawul na hayaƙi ita ce milimita 0.25 zuwa 0.35 idan yana da sanyi. Duka suna ciki.

Wuta lafiya. Nozul lafiya. Matsi lafiya. Saura birenbos.

Yaya ya ji kuɗinsa, ya yi shiru. Oga ya ce, "Alhaji, kafin ka saya, bari in kira maka wani dattijo."

Dattijon rewaya ne, ba bakanike ba. Bai taɓa sifana ba. Ya karɓi sikana, ya buɗe wurin da birenbos ke ajiye halin da mota take ciki a daidai lokacin da lamba ta faɗo. Injin da cikakken zafi, mota a guje. Sai ya fara tambaya.

"In ta fara, kana jin warin ɗanyen mai a salansa?"

"A'a, Baba."

"A ina ta fi yi?"

"In na shiga gargada. Ko in na taka totur da ƙarfi."

"Fulogin da kuka cire, a jiƙe yake?"

"A bushe."

Ya gyaɗa kai. In wuta ce ta ɗauke, mai zai shiga ya fita bai ƙone ba, ya bar wari, ya bar alama a fulogi. Nan babu ko ɗaya. Ke nan ba ƙin ƙonawa silindar take yi ba. Ba a ba ta abin ƙonawar ba ne. A fetur ba a ba ta, a gas ba a ba ta. Nozul biyu daban, tanki biyu daban, bututu biyu daban. Me suka haɗa?

Ya sa aka rufe bonet, aka bar injin yana aiki har fanka ta tashi. Ya buɗe. Ya bi damin wayoyin da ke gaban injin da yatsa biyu, yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ya kama wani ƙulli da aka naɗe da baƙin salatif. Ya ɗan ja.

Injin ya yi tari.

Ya saki. Ya daidaita. Ya sake ja. Ya sake tari.

Aka kashe mota, ya warware salatif ɗin. Gam ɗinsa ya narke ya zama danƙo a yatsu. A ciki wayoyi biyu ne aka murɗe da hannu, babu dalma, babu komai. Jan ƙarfen ya dushe ya yi kore-kore, yawancin silin sun karye, 'yan kaɗan ne ke riƙe da juna. Wayar kuma an ja ta tamau, ba a bar mata sarari ba, ta yadda duk lokacin da injin ya jijjiga a kan mazauninsa sai ya fizge ta.

Ga yadda abin yake, kuma nan ne daɗin labarin. Kwamfutar gas ba ta lissafin kanta daga tushe. Leƙen umarnin birenbos take yi. Mai haɗa gas yakan yanke wayar da ke kai umarni daga birenbos zuwa kowane nozul na fetur, ya ratsa da ita ta cikin kwamfutar gas. In mota na kan fetur, kwamfutar gas ta haɗa bakin biyu, umarni ya wuce zuwa nozul na fetur. In an koma gas, ta tare umarnin, ta auna tsawonsa, ta buɗe nozul na gas gwargwadon haka. Saboda haka ko ka danna maɓalli ka koma fetur, umarnin yana bi ta wannan yankan. Maɓallin yana rufe gas ne, ba ya mayar da waya yadda kamfani ya yi ta. Ƙullin da ya lalace kuwa shi ne na ɓangaren birenbos a silinda ta 3, wato kafin inda hanya ta rabu biyu. In ya saki, nozul na fetur bai ji kira ba, na gas ma bai ji ba. Gwajin da ya wanke gas, da an karanta shi da kyau, shi ne yake nuna ƙullin.

Sauran alamomin ma sai suka hau layi. Da sanyi salatif ya yi tauri ya matse silin, wuta ta wuce. Da zafi ya saki. Gargadar hanya da taka totur su ƙarasa aikin. A gareji kuwa, mota a tsaye, bonet a buɗe, iska na kaɗawa, wa zai fizgi waya? Ni ban ga laifin Oga ba. Duk wanda ya kama, da dalili ya kama shi. Abin da ya ƙona min rai shi ne aikin minti kaɗan da wani ya ƙi yi a ranar haɗa gas, ya jawo wa mai neman abincin iyalinsa asarar kuɗi da fasinja.

Yaya ya ce a liƙe wannan ɗin a tafi. Dattijo ya ƙi. "Ɗana, hannun da ya murɗa wannan shi ya murɗa sauran." Nozul huɗu, kowanne yanka ɗaya mai baki biyu: ƙulli takwas ke nan. Ya warware su duka. Na silinda ta 1 ma ya fara kore. Ya datse ruɓaɓɓen wurin, ya ƙara tsawon waya, ya liƙe kowanne da dalma, ya zura robar da ke tsukewa da zafi, ya ɗaure damin nesa da jikin injin. Oga ya mayar da tsohon koyil mazauninsa, sabon kuma aka ajiye shi a but. Aka goge lambar. Washegari Yaya ya yi Abuja a kan gas, ya dawo a kan fetur, ya biya ta gareji aka jona sikana, ba ta sami komai ba.