Lofen totuwar masara: me ya sa Amurkawa ke son shi?

A nan gida idan an gama ɓare masara, totuwa sai murhu ko bola. To a Amurka akwai garin da wannan totuwar ce ta fitar da sunansa. Sunan garin Washington, amma ba babban birnin ƙasar ba, wani ƙaramin gari ne a bakin kogi cikin jihar Missouri. A can ake sassaƙa totuwa a yi lofe, wato tukunyar shan taba, a kai ƙasashe daban-daban.

Abin ya faro ne a 1869, a hannun wani masassaƙi ɗan asalin ƙasar Holan mai suna Henry Tibbe. Manoman yankin dama suna rarake totuwa da wuƙa su sa mata kara su sha taba, amma ba ta daɗewa take ƙonewa. Shi sai ya ɗora ta kan injinsa na sassaƙa, ya daidaita ta, sannan ya shafe bayanta da wani farin kwaɓi irin na filasta, wanda ke toshe ƙofofinta ya rage mata saurin cin wuta. A 1878 ya samu takardar mallakar wannan dabara. Daga 1907 kamfanin ya ɗauki sunan Missouri Meerschaum, kuma har yanzu yana aiki. Sunan ma talla ne: meerschaum wani farin dutse ne marar nauyi da ake haƙowa a yankin Eskishehir na Turkiyya, ana yin lofe mai tsada da shi. Kenan suna cewa ga na talaka, amma daɗinsa ɗaya da na masu hali.

Kada wani ya ce bari ya ɗebo totuwar gonarsa ya buɗe masana'anta. Masarar da suke aiki da ita iri ne na musamman da aka samar tare da Jami'ar Missouri, farar masara mai totuwa ƙatuwa, mai kauri da tauri. Don totuwar ake noma ta, ba don ƙwayar ba. Bayan girbi kuma sai an ajiye ta wajen shekara 2 ta bushe ƙarau kafin ta hau inji.

Me masu shan ke yabawa? Araha ce kan gaba. Lofen da ake yi da saiwar itacen briar, wani ɗan kurmi na gaɓar Bahar Rum, yakan kai gomman daloli, wani ma ɗaruruwa. Na totuwa kuwa daloli kaɗan ne (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma 5 ba). In ya faɗi ya fashe, ko an manta shi a gona ko wurin kamun kifi, ba wanda zai kwana da baƙin ciki. Sabon lofen katako sai an yi ta lallaɓa shi kwana da kwanaki har baƙin gawayi ya kwanta a cikinsa, shi ko na totuwa yau ka saya yau ka cika ka kunna. Totuwa tana tsotse damshin hayaƙi kamar soso, ga ta shafal a baki. Wasu ma kan saye shi don gwada sabuwar taba, kada warinta ya kama lofensu mai tsada. Rauninsa dai a gindi yake, nan ne wuta ke fara hudawa, shi ya sa ake sa wa wasu ɗan toshin katako a ƙasa.

Ya kuma samu manyan masu talla kyauta. Janar Douglas MacArthur, wanda ya jagoranci sojojin Amurka a yankin Pasifik lokacin yaƙin duniya na biyu, hotunansa da yawa da dogon lofen totuwa a baki aka ɗauke su. Marubuci Mark Twain, shi ma ɗan Missouri, da irinsa aka san shi.

Sai dai fa duk wannan yabo na tukunyar ne, abin da ke cikinta taba ce. Masu lofe kan ce ai mu ba mu zuƙa har huhu. Gaskiya ne da yawansu ba su yi, amma hayaƙin a baki yake zama, nikotin na shiga jini ta fatar cikin baki, kuma ciwon dajin leɓe, harshe da maƙogwaro na samun masu lofe fiye da waɗanda ba su shan komai. Soson totuwa damshi yake kamawa, ba ya tace gubar. A ganinmu ma arahar nan ita ce tarkon, don abin da ba ya cin aljihu shi ne yaro ke saurin gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha, zama kusa da masu sha ne kawai. Nijar ma tun 2006 take da dokar yaƙi da taba, wadda ta hana busa ta a wuraren taruwar jama'a.

Mai lofe, mai sigari da mai cusa taba gari a leɓe, duk alamar da likitoci ke cewa a lura da ita ɗaya ce: gyambo ko farin tabo a cikin baki da ya wuce sati 2 bai warke ba, a kai shi likita a duba.