Propinquity: Kalmar da ta Haɗa Maƙwabtaka da Nasaba

Daga cikin kalmomin da Turawan Ingila ke sifanta kusanci da su, akwai wata wadda ba kasafai ake jin ta a kasuwa ko a dandali ba, sai dai a littattafan malamai, wato propinquity, wadda asalinta daga Latin ne, daga prope mai nufin kusa, kuma ta shiga Ingilishi tun ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci. Wanda ya ɗauke ta daidai da proximity bai cika fahimtarta ba, domin galibi proximity tazara take aunawa, kamar tsakanin gida da tasha, alhali propinquity tana ɗauke da ma'ana biyu: kusancin mazauni da kusancin nasaba. Da ma'ana ta biyu Shakespeare ya kawo ta a wasansa na Sarki Lear, inda sarkin, cikin fushi, ya yanke alaƙar jini da autarsa Cordelia. Almajirin da ya karanta lugga ba zai yi mamaki ba, tunda a Larabci ma tushe guda ne ya haifi ƙurbu, wato kusanci, da ƙaraba, wato dangantaka.

Amma inda kalmar ta fi samun daraja shi ne wajen masana zamantakewa na Amurka. A 1932 James Bossard ya bincika takardun aure 5,000 na birnin Filadelfiya, sai ya tarar kimanin sulusin ma'auratan, kafin su yi aure, tsakanin gidajensu bai wuce layi biyar ba. A 1950 kuma Leon Festinger da abokan aikinsa biyu, Schachter da Back, suka wallafa nazarinsu a kan gidajen Westgate, inda jami'ar MIT ta zaunar da ɗalibanta magidanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da suka gano abin lura ne ƙwarai: mutum ya fi ƙulla abota da wanda ƙofarsa ke dab da tasa, kuma mazauna ɗakunan gindin matakala sun fi sauran na ƙasa abokai a saman bene, saboda duk mai hawa ko sauka dole ya gifta ta gabansu, a gaisa yau, a gaisa gobe, har gaisuwa ta zama hira, hira ta zama aron gishiri. Ashe ba yawan taku ne kaɗai abin dubawa ba, har da inda hanya take bi.

A ganina wannan shi ne asirin kalmar, kuma shi ya sa nake ƙaunarta: tana shaida cewa ƙauna ba ta sauka haka kawai, sai da yawan haɗuwa, abin da magabata suka taƙaita da cewa zumunta a ƙafa take.

Sai dai ɗalibi ya kiyaye wajen amfani da ita. Ba a kiran runguma ko sirrin miji da mata da ita, wannan fagen kalmar intimacy ne. Haka nan wanda ya saka ta a wasiƙar neman aiki, don kawai ya ce gidansa na kusa da ofis, ya ɗora wa zancensa nauyin da bai buƙata ba, domin near ta wadatar da shi.