Mai Gidan Haya, Fenti Ba Ya Hana Yoyo

Akasarin masu gidajen haya a unguwannin Kano, Zariya da Katsina ba attajirai ba ne. Wani ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ɗakuna huɗu, wata kuma gida aka bar mata da marayu. Kuɗin haya sau ɗaya yake shigowa a shekara, kuma kafin ya iso hannu an riga an kasafta shi. In aka zo gyara, abin da ya rage ba ya isa komai da komai. Dole a zaɓa, kuma a wajen zaɓin ne ake tafka asara.

Abin da aka saba gani shi ne, da ɗan haya ya tashi sai a kira mai fenti, domin dillali ya ce gida mai ƙyalli ya fi saurin shiga. Amma ruwa ne ke cin gida, kuma ba ya jiran kowa.

A fara da rufi. Yawancin yoyo ba daga kwanon kansa yake ba, daga ramin ƙusa ne. Ƙusar kwano tana da 'yar roba a ƙarƙashin hularta. Zafin rana yana busar da ita ta tsage, iskar farkon damina kuma ta sassauta ƙusar. Ɗigon da ke bi ta nan yana sauka kan katako, katakon ya jiƙa ya ruɓe, gara ta samu wurin zama, sai silin ya yi tabo ya fara lanƙwasa. Aikin da kafinta zai gama da safiya ɗaya a watan Afrilu, in an bar shi zuwa Agusta ya zama sauya katako da silin, ga katifar ɗan haya da za a yi ta gardama a kanta. Mai gida ya shiga kowane ɗaki da kansa ya ɗaga kai. Tabo mai ruwan ƙasa a silin shaida ce, ko ɗan haya bai yi ƙorafi ba.

Sai gindin bango. In ka ga fenti yana kumbura daga ƙasa, filasta tana zubar da farin gari, danshi ne ke hawa. Sake shafa fenti ɓarnar kuɗi ce kawai. A duba inda indararo ke zuba, a yashe kwata, a yi daɓe mai gangara da zai kore ruwa daga jikin gini. Gidan ƙasa kuwa, yaɓe kafin damina ba abin jinkirtawa ba ne.

Akwai gyaran da ya shafi rai. Ramin masai ko sokawe da ya cika ko ya tsage kusa da rijiya yana iya gurɓata ruwan sha, kuma ta haka amai da gudawa ke shiga gida. Masana lafiya suna son tazarar kusan mita 30 tsakaninsu, abin da ƙananan filayenmu ba kasafai suke bayarwa ba, don haka kwashewa a kan lokaci ta zama tilas. Haka wayar wuta. Siririyar wayar da aka ja don ƙwan fitila ba za ta ɗauki hita da dutsen guga ba, ga hunturu lokacin gobara. Soket da ya yi baƙi ko yake warin ƙuna, a kira mai wayarin a ranar, ba yaron maƙwabta mai ɗaure fis da waya ba.

Wa zai biya? Nan ne zumunci ke lalacewa, har a kai gaban mai unguwa. A rubuta tun ranar karɓar makulli, da shaidu: rufi, bango, masai da wayarin na mai gida ne; ƙwan fitila, kan famfo da gilashin da yara suka fasa na ɗan haya. In ɗan haya zai yi gyara a cire masa daga haya, a amince da farashin kafin a taɓa komai, a ajiye rasit. Kuma ranar da kuɗin haya ya shigo, a ware ko da na wata ɗaya a ajiye daban, domin farashin siminti da kwano ba ya tsayawa inda aka bar shi bara.