Jama'a Na Ƙaruwa, Gona Ba Ta Ƙaruwa

Jama'ar Gagarawa da sauran ƙasar Gumel, ga wata magana da ta kamata kowane maigida ya duba da idon basira.

A ƙidayar 1963 an sami mutanen Nijeriya wajen miliyan 55. A ta 2006 sun kai miliyan 140. Jihar Jigawa kuwa, daga kusan miliyan 3 a 1991 ta wuce miliyan 4 a 2006.

Yawan jama'a albarka ne, amma ƙasar noma tana nan yadda Allah Ya yi ta. Gandun da ya ci da gida guda a zamanin kakanni, yau an raba shi gado kashi-kashi. Dā akan bar gona saura ta huta. Yanzu babu halin haka. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, in ba taki sai ta gaji, gero ya ƙi. Shi ya sa rumbu kan ƙare kafin damina, samari su tafi cin rani Kano, manomi kuma ya sayar da riɗinsa da arha tun da kaka. Wanda bai yi rara ba, ina zai sami jari?

To, ina dabara? A kai taki gona tun da rani. A kiwata dabbar da za a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis. A sa yara makaranta, maza da mata, su koyi sana'ar da ba ta jiran ruwan sama. A kuma bar uwa ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Ma'aikatan asibiti za su ba da shawara.

Da ma an ce, tun ran gini ran zane.