Don Allah a Daina Dirje Tsofaffin Kuɗi da Toka

Tun da aka fara yaɗa hotunan tsofaffin kuɗi a WhatsApp da Facebook, ana cewa kwabo ɗaya zai sayi gida, samari suka far wa adudun kakanninsu. Neman na kai ba laifi ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne aika-aikar da ake yi wa kuɗin bayan an zaƙulo su.

Kwanan baya wani yaron unguwarmu ya kawo mini gwangwani cike da anini da kwabo mai huji da 'yan sulalla, sai ƙyalli suke yi. Wai kwana ya yi yana dirzar su da toka da lemon tsami, waɗanda suka yi taurin kai ya bi su da soson ƙarfe, don su burge mai saye. Haba! Wa ya aike ka? Wannan duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfen shi masu tara tsofaffin kuɗi ke nema, domin shi ne shaidar ba a taɓa abin ba. Da an dirje, ƙananan rubutun sun suɗe, fuskar ta cika da karce-karce, farashi ya faɗi warwas. Har da anini na 1907 a cikin kuɗin yaron nan, wanda da alminiyam aka buga shi, ƙarfe mai laushi. Rubutun Larabcin da ke jikinsa da ƙyar ake gane shi yanzu.

Takardun kuɗi ma ba su tsira ba. Mutum ya sami fam irin wanda Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 1959, sai ya wanke shi, ya bi shi da dutsen guga, ya liƙe yagar da salatif, wani ma ya kai a gasa masa leda kamar katin shaida. An kashe shi ke nan.

A kuma rage dogon buri, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Liyarin azurfa da iyayenmu mata suka yi ado da shi yana ɗauke da 1780, shekarar da Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta mutu. Duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ce a jikinsa, kuma an buga ɗaruruwan miliyoyi. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba, shi ma yana nan birjik.

In ka sami irin waɗannan, bar su da dattinsu. Riƙe su ta gefe, kada gumin yatsa ya taɓa fuskar. Kowane ɗaya a nasa ƙunshin takarda, kada su riƙa gogar juna a gwangwani. Takardun a shimfiɗe su tsakanin farar takarda, nesa da laima da gara. Wanda kuwa ya ce akwai sinadarin makuri a cikin kwabonka, ka kawo kuɗin gwaji kafin Bature ya saya, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.